Kafin Ka Sayi Babbar A-kori-kura

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa ka buɗe wannan takarda kana cikin ƙoshin lafiya, ka sauka Garki lafiya, ka sami kawunka da iyalinsa lafiya. Innarka na ba, na ce ta sa maka a ƙasan jaka, don kada ka gan ta sai ka yi nisa da gida.

Ranar Laraba da ka zauna a gefen tabarmata ka ce kana so ka sayar da 'yar a-kori-kurar da na ba ka, ka ɗauko babbar nan mai shan gas da ka gani a Ringim, don ka riƙa jan babban injin casa da kaka, da rani kuma ka ja tankin ruwa, ban ce maka komai ba sai "to". Na ga fuskarka ta canza, ka tashi kana zaton na raina shawararka. Ban raina ba. Maganar ce ta yi mini yawa a baki. Ka san sunan mahaifina gare ka, shi ya sa ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, kuma akwai abin da ba zan iya faɗa ina kallon idonka ba. Ga shi na rubuta. Ka yi haƙuri da hannuna.

Lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha kana ƙarami. Ina da wata 'yar a-kori-kura ruwan toka da ku yara kuka sa wa suna Kurciya. Gine-gine suka tashi ko'ina, na yi ta jigilar bulo da yashi, Allah ya buɗa. Da na ga hannuna ya yi ɗan nauyi, sai na sayi injin casa, babba, mai ƙafafun taya biyu, na sa aka yi wa Kurciya ƙugiya a baya. Na kai ta garejin Malam Idi bakanike don ya duba walda. Ya zagaya injin, ya jijjiga shi, ya dube ni.

Ya ce, "Malam Sale, wannan injin ya fi ƙarfin motarka."

Na ce, "Ai na gwada, tana ja."

Ya ce, "Ja za ta ja. Tsayawa nake ji maka."

Na yi dariya na tafi, don a lokacin abin da nake gani shi ne Kurciya ba ta cin mai. Galan ɗaya sai ya kai ni inda ban zata ba, har alfahari nake yi a tasha. Na yi kusan wata guda ina jan injin nan ƙauye ƙauye. Lagireto na tafasa in tsaya in zuba ruwa, kuloci na wari in ce zafin rana ne.

Wata ranar Talata bayan la'asar ina dawowa ta gangaren bayan duwatsu, sai ga wata mata tana tsallaka hanya, tulu a ka, goyo a baya. Na taka birki. Motar ta amsa, amma injin da ke baya bai amsa ba. Na ji yana tura ni kamar an sa hannu a ƙeyata. Na sake takawa har ƙasa, babu. Na yi oda, ta juyo ta tsaya cak a tsakiyar hanya, tsoro ya ɗaure mata ƙafa. Ban san lokacin da na murɗa sitiyari na faɗa wata gona ba. Muka yi ta karya kara har motar ta daki kututture, injin ya kife a gefe.

Ina zaune ban iya buɗe ƙofa ba, sai ga matar a tagar mota. Tulunta ya fashe, zaninta ya jiƙe, jaririn yana tsala kuka. Na jira zagi. Sai ta ce, "Sannu, mai mota. Jini ne a goshinka." Ta kwance ɗankwalinta ta miƙo mini. Har yau ban san sunanta ba, kuma ba na wucewa ta wurin ban yi mata addu'a ba.

Saboda haka kada ka ji wani ya ce maka ƙaramar mota ta isa don kawai tana iya motsa kaya. In za ka ja abu mai nauyi, motar da ke gaba dole ta fi shi nauyi da ƙarfin birki. Man da na yi tattali a wata guda bai kai ɗigon jinin matar nan ba. A wannan gefen kana da gaskiya, Abba, kuma na ji daɗi da ka gane shi ba tare da ka faɗa gonar kowa ba.

Kuskurena na biyu tsoron na farko ne ya haife shi, da ɗan son a gani, ba zan ɓoye maka ba. Wani kamfanin hanya ya gama aikinsa ya yi gwanjon motoci, wani dillali ya samo mini babbar a-kori-kura fara, mai shan fetur, hancinta ya kai ƙirjina. Na tambaye shi maganar mai, ya ce, "Haba Malam, surutun mutane ne, ba ta ci kamar yadda ake faɗa." Muka zaga gari a kan kwalta, ba kaya, ba komai, allurar tanki ba ta motsa ba. Daga baya na gane allurar ce ta mutu. Na sayar da Kurciya na haɗa na saya. Ranar da na shigo da ita unguwa ka tuna yadda kuka cika bodinta kuna tsalle. Ni ma a zuciyata tsallen nake yi.

Kada in zalunce ta, a wajen aiki ba ta taɓa ba ni kunya ba. Injin da ya kusa kashe ni, ita ko a jikinta. Yashin da Kurciya ke kafewa sai an taru an tura, ita sai ta ratsa. Gangare kuwa in na taka sai komai ya tsaya tare. In tana ja, tana shan kusan ninkin abin da Kurciya ke sha, amma ban damu ba, don a rana ɗaya ina gama masussuka biyu, kuma ina dawowa da buhunan ladan da zan yi sawu biyu a kansu a da. Da kaka, man da ta sha halalinta ne.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, kaka wata uku ce. Da aka gama casa na kwance injin, sai na ga ashe ko babu komai a bayanta cikinta bai ragu da yawa ba. Nauyin jikinta kaɗai kaya ne. In kai buhu biyu kasuwa, ta sha. In kai Innarka barka, ta sha. In tashe ta da safe ta ɗumama, ta sha. Wata tara ina ciyar da ƙarfin da ba na amfani da shi. Wata rana na shigo ina ƙorafin cefane ya yi yawa, Innarka tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, wanda ya fi kowa ci a gidan nan ba ya cikin ɗaki, yana ƙofar gida." Na yi fushi na fita. Da na fita kuwa na tarar da ita a tsaye a ƙofar gidan, sai dariya ta kama ni.

Ga abin da ya kamata in yi ban yi ba. Kafin ka ba da ko sisi, ka ce a ba ka motar wuni guda. Ka cika tanki har baki da idonka, ka ɗaura injin, ka bi hanyar da za ka riƙa bi, burji da yashi, ba kwalta kaɗai ba. Ka dawo ka sake cikawa da jarka, ka ga abin da ta sha. Washegari ka bi hanyar nan ba kaya ka sake aunawa. Na biyun nan ya fi muhimmanci, don shi za ka zauna da shi mafi yawan shekara. Kada ka yarda da allura, kada ka yarda da bakin mai sayarwa ko da mutumin kirki ne, shi ma wata ƙila bai taɓa aunawa ba. Sannan ka zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah kwana nawa za ka yi kana ja a shekara. Maganar tankin ruwa da rani, akwai wanda ya riga ya ce zai ba ka aikin, ko fata kake yi? In fata ne, kada ka sa shi a ciki.

Kuma ƙafarka ma tana shan mai. Ni da na ji ƙarfi a ƙarƙashina sai na riƙa danna totur ina wuce motocin haya da injin a baya, ina jin daɗi. Malam Idi ne ya hau da ni wata rana ya ce, "Kai wa kake kora?" Ya sa na rage, na daina jan giya har ta yi kuka, na riƙa duba iskar taya kowace safiya, har ta injin da nake ja. Jarkar da ke ƙarewa a hanya sai ga shi tana kai ni gida. Injin casa dogo ne, iska yake tarewa, duk gudun da ka ƙara da iska kake kokawa, kuma daga tankinka ake biya.

Sai wahalar mai ta zo. Kai ka tuna dogon layi, amma ba ka san yadda yake ga mai babban tanki ba. Mai ƙaramar mota in an ba shi galan biyu ya yi kwana uku yana aiki. Ni galan biyu sai dai ya fitar da ni daga gari. Na koma saye a wajen 'yan bumburutu. Wani yaro mai fara'a a bakin hanya ya sayar mini da wanda aka gauraya da kananzir, motar ta yi ta tari, ta mutu a hanyar wani ƙauye inda mutane suka tara gero suna jirana tun safe. Kwana huɗu tana gareji. Wadda kake son saye, mai shan gas, ta fi tawa sauƙin ci in ana ja, wannan gaskiya ne, amma ta fi tawa rashin haƙuri da gurɓataccen mai. Fam ɗinta mai tura mai in ya lalace ba kowane bakanike ke taɓa shi ba. Ka nemi gidan mai ɗaya da ka amince da shi, ka tace kafin ka zuba.

A shekarar nan na yi wani abu da nake jin kunyarsa. Ladan casa da kwano ake biyana, sai na fara cika kwanona yana tozo fiye da yadda aka saba, ina ce wa kaina ai mai ya yi tsada. Wata rana na ga wani tsoho yana kallon hannuna. Yanzu da aka ƙaddamar da shari'a kowa na maganar gyara mudu a kasuwa. Naka mudun yana masussuka, inda babu mai dubawa. In motarka ta fi ci, ka faɗa wa mai gero ladanka a fili tun kafin ka tada inji. In ya yarda, ya yarda. Kada ƙishin motarka ya shiga rumbun wani a ɓoye.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Bayan abin da ya faru da gurɓataccen mai, sai na zama mai ɓoyo. In na sami mai kyau sai in adana a jarka in kulle a shago. Kowace tafiya sai na auna ta a zuciyata kafin in amsa. Zumunci ya fara zama mini asara. Da Kurciya, in aka ce ana suna a wani gari, kafin a rufe baki na ce ku hau. Da babbar nan sai na koyi cewa "a gaishe su".

Kana aji shida a lokacin. Baba, kakanka, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya zama a motar haya a matse. Yana da ƙanwa a Aujara, Gwaggo, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda wata tsohuwar magana ta gona. Wata safiya na je gaishe shi a zaure, ya ce, "Sale, ina so ka kai ni Aujara. Ina so in ga yarinyar nan." Yarinyar da yake nufi tana da jikoki.

Ina da jarka uku a shago. Na ajiye su ne don wani babban aiki da aka yi mini alkawari a wajen Ringim. Na ce, "Baba, mai ya yi wuya. A bari a gama kaka, sai mu je mu wuni."

Ya ce, "To. Allah ya kai mu."

Bayan mako biyu ya sake cewa, "Ba a samu man ba har yanzu?" Na ce ana nan ana nema. Ƙarya na yi wa mahaifina, Abba, makullin shagon yana aljihuna. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa. Bai ƙara tambaya ba.

Wata ranar Alhamis da hantsi, ina ɗaura injin, aka aiko daga gida. Kafin in iso Allah ya karɓi abinsa. Bayan an kai shi, na buɗe shagon da hannuna, na juye jarka ɗaya, na kama hanyar Aujara ɗauko Gwaggo. Na same ta labari ya riga ni, ta yi lulluɓi tana zaune a tsakar gida. Na ɗaga ta na sa a gaba, don motar ta yi mata tsawo. Da muka yi nisa, sai ta ce, "Ya taɓa ambatona?"

Na ce, "Ya ce a kawo shi wurinki, Gwaggo. Sau biyu."

Ta juyo. "To me ya hana shi?"

Na so in ce ciwo. Na so in ce mai. Bakina ya ƙi. Na ce, "Ni ne."

Hanya ta dushe mini, na rage gudu. Sai ta ɗora hannunta a kafaɗata ta ce, "Tuƙa, ɗana. Kalli gabanka. Tun da ya ce zai zo, ai ya zo."

Da muka iso Dutse na duba, zuwa da dawowa man jarka ɗayar nan bai ƙare ba.

Ba laifin motar ba ne, laifina ne. Amma ka sani, abin da ke ci da yawa yana koya wa mai shi rowa a hankali, ba tare da ya lura ba. Na yi kaka ɗaya da ita bayan nan, na sayar da ita tare da babban injin, na sayi ƙaramin inji da 'yar motar da ke hannunka yanzu, waɗanda suka dace da juna. Samu ya ragu. Barcina ya ƙaru. Innarka ba ta san maganar jarkokin nan ba sai bara.

Ban ce ka bi sawuna ba. Garki ba Dutse ba ce, gonakin can manya ne, yashi ya fi yawa, kuma kai kana da ƙuruciyar da za ka bi aiki inda yake. In ka auna ka ga aikin ja zai riƙe ta, ka saya. Amma ka haɗa da ɗan babur ko tsoho ne, don zirga-zirgar da ba ta buƙatar ƙarfi, ka bar babbar ta huta ranar da babu kaya. Kuma ka ware man jarka ɗaya wanda ba na aiki ba ne. Ko nawa aka taya aiki kada ka taɓa shi. Na mara lafiya ne, da mai naƙuda, da tsohon da ya ce a kai shi wani wuri. In babba ya ce ka kai shi, ka tashi a ranar.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Jiya da na ce zan je ɗaurin aure, Ringim na tafi, ni da Malam Idi. Ya tsufa, sai da na riƙe masa hannu ya sauka daga mota, amma kunnensa na nan. Muka sami motar. Ya sa aka tashe ta ya saurara, ya duba hayaƙi, ni kuma na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashinta da farar rigata. Ƙashin bayanta lafiya lau, ba walda, ba tsatsa. Birkin baya yana son sabon takalmi, ƙugiyar kuma a canza ta a ƙara sarƙa biyu, kada ka ja komai kafin a yi wannan. Malam Idi ya ce in gaya maka kana da ido.

Mai motar ya ce in ɗan taɓa. Na ce a'a, na ce a'a, sai ga ni a ciki. Na kai ta bakin gada na dawo. Abba, da na ji ƙarar nan a ƙarƙashin ƙafata, sai da na ji kamar in wuce da ita gida. Malam Idi ya dube ni ya ce, "Kai har yanzu ba ka warke ba." Don haka in zuciyarka na son ta, kada ka ji kunya, na san inda ka gado. Ka dai auna tukuna, sannan ka yanke da kanka. Abin da ka yanke, ni na sa albarka.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana tsakiyar masussuka, inji zai jira. Ka yi addu'ar hawa kafin ka murɗa makulli. In barci ya zo maka, ka sauka gefen hanya. Ka girmama kawunka, abin da ya ce ka ji. Innarka ta ce in rubuta cewa yajin da ke cikin gwangwani na daddawa ne, kada ka bar shi a buɗe. Za ta yi ta maza a gabanka da safe, amma na san in ka fita za ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, don haka ka aiko da saƙo da direban farko da zai zo Dutse.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare mutane daga ƙarfen da ke hannunka, ya tsare ka daga nasu. Allah ya sa kowace hanya ka bi ta dawo da kai gare mu da ƙafafunka. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mai sunanka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Sale Direba, Dutse